Buroshi Na Uku

Ranar Laraba ce, a damina ta biyu bayan ƙaddamar da Shari'a. An kwana ana ruwa a Daura, gari ya waye babu rana. Uwaisu yana tsugune a gaban rumfar Kalilu mai kayan roba a kasuwa, ya naɗe ƙafar wandonsa saboda taɓo, yana goga wani buroshi a tafin hannunsa.

"Wannan ya yi laushi," ya ce.

"Na wankin tufafi ne, ai dole ya yi laushi," in ji Kalilu. "Wai me za ka wanke ne, samari? Tun ɗazu kake ta shafa min kaya kamar mai tayin rago."

"Gidan abinci. Gobe za mu buɗe, nan bayan tasha."

Kalilu ya ajiye kofin kokon da ke hannunsa. "Bayan tasha ina? Ba dai shagon nan mai koriyar ƙofa ba?"

Uwaisu ya gyaɗa kai.

"To, ai buroshi ɗaya ba zai ishe ka ba," Kalilu ya ce, ya tashi ya shiga cikin rumfa.

Babu wanda bai san shagon ba a unguwar. Mashaya ce a da. Da aka ƙaddamar da Shari'a mai wurin ya kwashe kwalabensa ya haye Nijar, ƙofar ta zauna a garƙame, babu wanda ya yarda ya kama haya. Har masu tallan goro sukan karkace in sun zo wucewa. Shi ya sa Uwaisu ya same shi da sauƙi, shi ya sa kuma kwana biyun nan barci ba ya ɗaukarsa sosai.

Shi ɗan fari ne. Tun daga yaye aka kai shi wurin ƙanin mahaifinsa a Mai'adua, can ya tashi. Makaranta bai daɗe a cikinta ba. Ya yi acaɓa, ya yi dakon jarkokin fetur zuwa bakin iyaka, ya yi wanke-wanke a kicin ɗin wani otal a Kano, babu inda ya zauna har ya shekara biyu. Sai da mahaifinsa ya rasu ya dawo Daura, ya tarar da mahaifiyarsa Hajo tana suyar waina a tsakar gida, yara sun yi layi a zaure da kwanoni, kamar yadda ta saba tun ba a san shi a gidan ba. Ba ta faɗar sunansa, ba ta kallonsa ido da ido. In tana da magana da shi, ƙanwarsa Barakatu take gaya wa, ko da kuwa yana tsaye a wurin. Haka al'ada take, ya sani, bai taɓa ganin laifinta ba. Amma yana so ya yi mata wani abu guda da za ta kalla ta san shi ya yi.

Da ya kawo maganar shago, sai da ta yi makonni ba ta ce komai ba. Rannan sai Barakatu ta same shi a zaure ta ce, "Inna ta ce to." Hajo ta sayar da tunkiyarta aka buga bencina, ta kuma gaya wa masu sayen wainarta cewa daga Alhamis kada kowa ya ƙara aiko yaro gida. Sana'ar da ta riƙe gidan duka ta ɗauka ta ɗora a kan maganarsa. In mutane suka ƙi taka ƙafa a shagon, shi ya jawo.

Kalilu ya fito da buroshi biyu ya zube a gabansa.

"Wannan mai doguwar sanda na ƙasa ne, siminti yake ci. Wannan ƙaramin na benci ne da tebur. Kada ka haɗa su. Ranar da na ƙasa ya hau tebur ka ɓata aikinka, ko ba wanda ya gani. Kwanoni kuma soso ya ishe su, kada wani ya ruɗe ka."

Uwaisu ya danna gashin kowanne da babban yatsa, ya jijjiga sandar ya ji ko tana rawa. Sai idonsa ya kai kan wani da ke rataye a ƙusa, mai mariƙin katako, gashinsa na waya.

"Wancan fa?"

"Wancan ba naka ba ne. Na makanikai ne da masu walda, tsatsa suke cirewa da shi."

"Muna da tukwanen ƙarfe."

"In gindin tukunyar ƙarfe ne, to. Amma ka sani ba shi da tausayi. Duk abin da ka ɗora shi a kai, sai ya kankare shi har ƙasa."

A otal ɗin Kano, babban mai dafa abinci yakan ɗaga tukunya ya duba gindinta a hasken fitila. In ya ga baƙi ko kaɗan, sai ya jefar da ita a gaban mai wanke-wanke. A can Uwaisu ya koyi cewa duk abin da ya yi baƙi a wurin abinci datti ne.

"Irinsa nake nema," ya ce.

Suka yi ciniki, Kalilu ya ɗaure masa guda ukun da igiyar leda, ya ƙara masa ƙullin omo. "Allah ya sa albarka. In an buɗe a aiko min da ta ɗanɗano, tunda da kayana aka musuluntar da wurin."

Hantsi bai yi ba Uwaisu ya fara. Ya kwarara ruwa a simintin, ya bi shi da mai doguwar sanda daga bango zuwa ƙofa, ya sake kwarara wani. Daga tsagar siminti murafen kwalba suka yi ta fitowa, ya tara su a leda ya kai bola da kansa don kada yara su tsinta. Bangon ya riga ya shafe shi da farar ƙasa. Ya goge bencina da ƙaramin buroshin, ya rataya labulen da zai raba wajen maza da na mata. Warin da ke tashi daga kusurwar da aka riƙa jera kwalabe ya ragu, ko kuma hancinsa ne ya saba, bai iya tantancewa ba.

Yana cikin haka Malam Dabo, ladanin masallacin tasha, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da lema. Dattijo ne da ya daɗe yana karya kumallo da wainar Hajo.

"Sannu da aiki, ɗan Hajo."

"Yauwa, Malam. Bismillah, a shigo mana."

"Nan ma ya isa." Ya leƙa ciki, ya shaƙi iska a hankali. "In an kwarara ruwa ƙasa ta tsarkaka, wannan babu gardama a cikinsa. Amma mutanenmu sai sun gani da idonsu. Gobe in an sallame asuba zan taho da mutum biyu uku. In suka zauna suka ci, saura za su biyo. Kai dai kada su ga abin da zai tashe su."

"In Allah ya yarda ba za su gani ba, Malam."

Bayan azahar aka kawo kaya a kura: tukwanen miya, kwanoni, ludaya, tulun ruwa. Barakatu tana gefe tana faɗa da mai turawa kan ya bi a hankali. Hajo kuwa tana baya, tana tafe tana zaɓen inda za ta taka, ɗauke da tandarta a ka, naɗe cikin tsohon zane. Ita kaɗai ce ba ta yarda a sa a kura ba. Ta shigo ta sauke ta a kusurwa, sannan ta miƙe ta dubi simintin, ta dubi bangon, ta dubi labulen.

"An yi aiki," ta ce wa Barakatu.

Uwaisu ya sunkuyar da kai ya kama gyaran sandar buroshin da babu abin da ya same ta. Bai taɓa jin magana irin wannan daga bakinta ba.

"Yaya, ka ji an yabe ka, sai ka yi ta kumbura," in ji Barakatu. "Mu za mu koma, shinkafa na jiƙe, ga niƙa, ga ƙullu sai ya kwana kafin ya tashi. Ka kulle da kyau."

Da suka tafi ya kwance buroshi na uku. Ya kifa tukwanen ƙarfen ɗaya bayan ɗaya ya bi gindinsu. Kalilu bai yi ƙarya ba. Baƙin hayaƙin da ya yi shekaru yana manne ya riƙa zuba kamar gari, ƙarfen ya fito fari. Ya jera su a jikin bango ya ja da baya yana kallo.

Sannan ya ɗaga zanen da ke kusurwa.

Tanda ce ta yumɓu mai gurbi goma sha biyu, baƙa ƙirin, tana maiƙo. A gefunanta baƙin ya yi kauri har ya yi tudu. Ya sa farce ya kankara, wani abu mai danƙo ya biyo. A gida tana can cikin tsakar gida bayan katanga, inda baƙon namiji ba ya zuwa, masu saye wainar kawai suke gani. A nan kuwa murhun a bakin ƙofa ya gina shi, inda duk mai wucewa zai gani, kuma bencin da mutanen Malam Dabo za su zauna yana fuskantarsa.

Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa tandar ƙasa ba a kai mata sabulu, tsumma da mai kawai ake shafa mata. Babu wanda ya gaya masa cewa baƙin nan shi ke sakin waina. Duk yarinyar da ta tashi a gindin murhu ta san haka, don haka ba a taɓa tunanin akwai mai buƙatar a gaya masa ba. Shi abin da ya gani, mahaifiyarsa ta yi shekaru ba ta da mai ƙarfin hannun da zai wanke mata wannan abu.

Ya cika baho da ruwa, ya zazzage sauran omon, ya nutsar da ita a hankali da hannu biyu. Ya bar ta ta jiƙa ya tafi sallar la'asar. Da ya dawo ya zauna a ƙasa, ya ɗora ta a cinya, ya kama gurbi na farko.

Ta ba shi wuya fiye da tukwanen duka. Waya ta soke shi a yatsu har jini ya fito, gashin buroshin ya fara lanƙwashewa. Amma baƙin ya riƙa ɓarewa, ruwan bahon ya koma kamar tawada, daga ƙarƙashi jan yumɓu ya leƙo. Da ya ga jan nan sai ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji. Ya bi gurbin nan ɗaya bayan ɗaya bai bar ko ɗigo ba. Ya ɗauraye ta, ya tsane ta da tsumma. Babu ranar da zai shanya ta, hadari ma ya sake haɗowa. Sai ya mayar da ita cikin zanenta ya naɗe yadda ya same ta, don Hajo da kanta ta buɗe.

Washegari da asuba ana yayyafi. Barakatu ta hura wuta, ta ɗora miyar taushe a gefe ta yi zafi. Ƙullun ya tashi da kyau, yana ƙamshin tsami a cikin robarsa. Uwaisu yana tsaye jikin ƙofa, hannayensa a baya. Hajo ta yi bismillah ta kwance zanen.

Ba ta yi motsi ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa yatsa a cikin gurbi ɗaya ta zagaya, ta ɗago ta duba yatsan, ta kai shi hanci.

"Wa ya yi wannan?" ta tambayi Barakatu, murya ƙasa-ƙasa.

Barakatu ta leƙo, ludayin hannunta ya faɗi. Ta juya ta dubi yayanta, ta dubi buroshin wayar da ke rataye a ƙusa.

"Ni ne, Inna," Uwaisu ya ce. Murmushin da ya shirya tun jiya bai gama barin fuskarsa ba. "Na ga ta yi baƙi."

"Ka ga ta yi baƙi," Barakatu ta maimaita. "Yaya, da me ka wanke ta?"

"Da omo."

"Ka jiƙa ta?"

Ya gyaɗa kai.

"Inna lillahi. Yaya, ka san mece ce wannan? Shekarar da aka ɗauke ka aka kai Mai'adua Inna ta saye ta, da ita ta fara suya. Ta girme ni. Ko ni ban isa in ɗauke ta ba sai ta ce. Baƙin da ka kankare ai shi ne tandar."

"Ya isa," in ji Hajo. "Miƙo mai."

"Inna, ba ta bushe ba. Ki ji nauyinta."

"Mutane na tafe."

Ta ɗora ta a kan murhu, ta janye itace biyu don wutar ta ragu. Ta zuba man gyaɗa a kowane gurbi, fiye da yadda ta saba. Yumɓun ya shanye nan take, ta ƙara. Wani tururi mai warin sabulu ya riƙa tashi. Ta ɗebi ƙullu ta zuba, ta jira, ta sa cokali za ta juya. Wainar ta ƙi tashi. Ta matsa, sai ta yage biyu, rabi a cokali rabi manne a gurbi. Ta gutsuri kaɗan ta kai baki, ta juya fuska ta tofar a tafin hannunta.

A daidai nan aka yi sallama. Malam Dabo ne da mutum uku, sun taho daga masallaci da carbi a hannu. Suka ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan dattijon ya cire takalminsa ya fara shiga, sauran suka bi shi. Suka zauna a benci suna duban farin bango da tukwanen da ke ƙyalli.

"Ma sha Allah," in ji ɗaya daga cikinsu, wani tela da ake kira Hamma. "Kamar ba wurin nan ba."

Uwaisu ya kawo musu ruwan wanke hannu. Hajo ta amsa gaisuwarsu ba ta juyo ba. Ta kankare gurabun, ta ƙara mai, ta sake zuba ƙullu.

Ƙarar ba ta da yawa. Tas, kamar an taka busasshen kara. Tsaga ta bi ta tsakiyar tandar daga wannan gefe zuwa wancan, rabi ya karkata cikin murhu. Mai da ƙullu suka kwarara cikin wuta, harshenta ya tashi ya koma, baƙin hayaƙi ya cika shagon.

Sannu a hankali hayaƙin ya lafa.

"Tun ina saurayi nake cin wainar baiwar Allah nan," Hamma ya ce a hankali, yana duban Malam Dabo. "Ban taɓa jin an ce tandarta ta yi ko tsaga ba. Kwana ɗaya ta yi a wurin nan."

"Ba wurin ba ne," Uwaisu ya ce. Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya. "Wallahi ba wurin ba ne. Ni na wanke ta jiya, na jiƙa ta a ruwa, na goge ta da buroshi. Laifina ne."

Hamma ya dube shi da tausayi. "Haba, samari. Yaushe tsabta ta zama laifi? Kada ka ɗora wa kanka abin da ba kai ka yi ba. Wani wurin haka yake, ko ka wanke shi da ruwan kogi."

"Ku tambayi matanku a gida, za su gaya muku."

Amma sun riga sun miƙe suna neman takalmansu. Suka yi Allah ya kiyaye gaba, suka fita cikin yayyafin ɗaya bayan ɗaya. Kafin hantsi maganar za ta kai tasha, daga tasha ta shiga kasuwa, Uwaisu ya san haka. Malam Dabo ne ya fita a ƙarshe. Ya tsaya ya buɗe lemarsa.

"A yi haƙuri, Hajo. Allah ya musanya da mafi alheri."

"Amin, Malam," ta ce.

Yara biyu da aka aiko da kwanoni suka leƙo, suka ga murhu, suka juya. Barakatu ta zauna a benci ta rufe fuska da mayafi. Hajo ta jira wutar ta mutu, ta sa tsumma ta zaro ɓarayin tandar daga toka. Uku ne, da wasu ƙanana. Ta jera su a kan zanen, ta haɗa bakinsu kamar mai son ganin yadda take a da, sannan ta naɗe ta ƙulle.

Uwaisu ya durƙusa nesa da ita kaɗan. 

"Ki gaya masa," Hajo ta ce wa Barakatu, "ya je wurin masu ginin tukwane ya nemo wata. Ya ƙwanƙwasa ya ji tana amo. Kada ya yarda a ba shi ta ƙarfe."

Barakatu ta share ido. "Gida za a kai?"

Hajo ta dubi murhun.

"Nan. Sabuwa sai ta daɗe tana shan mai kafin ta yarda ta saki waina. Gara ta sha a inda za ta zauna."

"Inna," Uwaisu ya ce, kansa a ƙasa, "yaushe za ta yi kamar waccan?"

Ba ta dube shi ba, ba ta kuma dubi Barakatu ba. Tana kallon tokar ta amsa.

"Mai tsawon rai zai gani."

Ta ɗora ƙullin a ka ta fita. Ya tashi ya ɗauki mai doguwar sanda, ya fara wanke man da ya malala a simintin.

Abin da aka rasa a ranar ba shi da wuyar lissafi: ƙullun tiya huɗu na shinkafa da ya wuce tsami kafin azahar, kwalbar man gyaɗa guda, tukunyar miyar taushe da aka raba wa maƙwabta, mutum uku na masallaci da ba su sake zama a bencin ba, buroshi ɗaya da gashinsa ya lanƙwashe, da tanda mai gurbi goma sha biyu, da man shekara ashirin da huɗu da ke jikinta.